CC 7100 na Faransa: tambayoyi da amsoshi game da kan jirgin ƙasan da ya kafa tarihin gudu a 1955

Mene ne CC 7100?

Sunan wani rukuni ne na kawunan jirgin ƙasa masu aiki da wutar lantarki, mallakar SNCF, hukumar jiragen ƙasa ta Faransa. Kamfanin Alsthom, mai masana'anta a garin Belfort da ke gabashin ƙasar, shi ya tsara su, shi ne kuma kan gaba wajen ƙera su. Wannan kamfani shi ne Alstom na yau. An fara da na gwaji guda biyu, CC 7001 da CC 7002, a 1949. Da aka gamsu da aikinsu sai aka ba da odar 58, masu lamba 7101 zuwa 7158, aka kawo su tsakanin 1952 da 1955.

Kowanne nauyinsa tan 107, tsawonsa ya kusa mita 19, yana da ɗakin direba a kowane gefe, don haka ba sai an juya shi a ƙarshen tafiya ba. Ƙarfin akasarinsu kilowat 3,490 ne, wato ƙarfin doki 4,700 da 'yan kai. Fasalin jikinsu aikin Paul Arzens ne, mutumin da daga baya ya tsara kamannin kawunan jirgin Faransa da dama. Fentinsu na asali kore ne kala biyu, mai duhu da mai haske.

Me haruffan CC ke nufi?

Ƙidayar ƙafafu ce. Ƙafafun jirgin ƙasa bibbiyu suke, ɗaya a kan kowane dogo, sandar ƙarfe ɗaya ta haɗa su suna juyawa tare. A tsarin da ake bi a Turai, harafi yana nuna yawan sandunan da inji ke juyawa: B biyu, C uku, D huɗu. Lamba kuwa tana nuna sandunan da ba su da inji, nauyi kawai suke ɗauka. Ke nan CC na nufin sanduna uku a gaba, uku a baya, kowacce da injinta. Kowane rukuni na uku yana cikin firam ɗinsa na ƙarfe, wanda ke iya karkata a ƙarƙashin jikin jirgin idan an zo kwana. Wannan firam shi ake kira bogi.

Me ya sa Faransa ta buƙaci sabon kan jirgi a lokacin?

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar layin dogon Faransa a ragargaje: gadoji sun karye, tashoshi sun ƙone, kwal ya yi ƙaranci. Amma ƙasar tana da duwatsu da manyan koguna, an kuma fara samun wuta daga madatsar ruwan Génissiat da ke kan kogin Rhône a 1948. Sai SNCF ta yanke shawarar sa wa babban layinta lantarki, wato layin Paris zuwa Lyon mai tsawon kilomita 512. Waya ta haɗa Paris da Dijon a 1950, ta isa Lyon a 1952.

Kawunan jirgin da ake da su na jan fasinja da gudu a lokacin su ne ake kira 2D2: sanduna huɗu masu inji a tsakiya, ƙananan sanduna biyu a gaba, biyu a baya. Ingantattu ne, ba mai musun haka, har ma SNCF ta sake sayen 35 sababbi, rukunin 2D2 9100, a 1950 da 1951 domin wannan layi. Matsalarsu nauyi. Kowanne tan 144 ne, amma tan 88 kacal ke kan ƙafafun da ke ja. Sauran tan 56 yana kan ƙafafu cima-zaune, ana jan su ne tare da taragai.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da kamu sosai. Komai ƙarfin inji, abin da kan jirgi zai iya ja ya dogara ne ga nauyin da ke danne ƙafafun da ke juyawa. Idan nauyin bai isa ba, sai ƙafa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. CC 7100 ya ɗora tan 107 ɗinsa kaf a kan ƙafafu masu ja. Ya fi 2D2 9100 sauƙi da tan 37, amma ya fi shi nauyin kamu da tan 19. Kuma da yake an raba nauyin gida shida, kowace sanda tana ɗaukar kimanin tan 18 maimakon 22, dogo ya samu sassauci.

In haka abin yake da sauƙi, me ya hana a cire ƙananan ƙafafun tun farko?

Tsoro ne ya hana, kuma tsoro mai dalili. Ƙananan ƙafafun gaba ba ado ba ne: su ke fara shiga kwana, su ja ragowar jirgin a hankali. Injiniyoyin wancan zamani sun ga yadda kan jirgi mai bogi zalla kan fara rawa hagu da dama idan gudu ya yi yawa, yana dukan gefen dogo. Ga kuma injinan lantarkin, waɗanda a tsohon tsari rabin nauyinsu kan sandar ƙafa yake kai tsaye, ba sifirin a tsakani. Duk mahaɗar dogo da aka taka, sai wannan nauyi ya sauka a kanta kamar guduma. Shi ya sa aka bar irin waɗannan kawuna a aikin jan kaya da ƙaramin gudu.

Mutanen Suwizalan ne suka fara karya wannan ra'ayi a 1944, da kan jirgin Ae 4/4 na kamfanin BLS, mai ƙarfi, mai bogi biyu, ba ƙafa ko ɗaya da ba ta ja. Faransawa suka gani, suka ce su ma za su gwada, amma a layin da ya fi gudu.

Alsthom ya yi abubuwa uku. Na farko, ya ɗaure kowane inji gaba ɗayansa a jikin bogi, saman sifirin. To yaya inji zai juya ƙafar da ke hawa da sauka alhali shi yana tsaye? Sai aka sa wani bututun ƙarfe ya kewaye sandar ƙafa ba tare da ya taɓa ta ba. Inji na juya bututun, bututun kuma na juya ƙafa ta hanyar wani zobe mai lilo da gajerun hannuwa masu roba a gaɓoɓinsu. Ƙafa na motsinta, inji bai sani ba. Na biyu, akwatunan da bakin sandar ke juyawa a ciki, maimakon su riƙa zamewa sama da ƙasa tsakanin ƙarafa biyu suna cinye juna, sai aka riƙe su da hannuwa masu roba. Na uku, jikin jirgin bai zauna kan ƙusa ɗaya a tsakiyar bogi ba. Ya zauna ne kan ginshiƙai biyu masu lilo a kowane bogi, da roba sama da ƙasa, da sifirin da ke mayar da su tsakiya bayan an fita kwana.

A ganina, a nan darajar CC 7100 take, fiye da gudun da aka san shi da shi. Duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe an rage shi, don haka kan jirgin kan daɗe bai shiga gareji ba, dogo ma bai wahala da shi.

Yaya direba ke ƙara gudu ko rage shi?

Babu giyar da ake canzawa irin ta mota. Abin da direba ke sarrafawa shi ne yawan wutar da ke isa ga injinan shida. A tashin farko ana jera su a layi ɗaya, wuta ta bi ta cikin wannan ta shiga wancan, kowanne ya samu kaso kaɗan. Ana kuma bi da ita ta wasu ƙarafa masu tauye ta, su mayar da rarar zafi. Jirgi na ƙara gudu, direba na cire ƙarafan nan mataki-mataki, sannan ya sake jeren injinan zuwa rukuni-rukuni yadda kowanne zai samu wuta mai yawa. A ƙarshe akwai matakan rage ƙarfin maganaɗisun injin, abin da ke ba shi damar juyawa da sauri.

Aiki ne mai buƙatar gwaninta. Wanda ya yi gaggawa zai sa ƙafafu su zame, wanda ya yi nawa kuma zai bar ƙarafan nan su yi zafi fiye da kima. Wutar da ta zama zafi kuwa asara ce, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa aka daina irin wannan tsari daga baya.

Wace irin wuta yake sha?

Wutar DC, wato mai gudana ta fuska ɗaya, mai bolt 1,500, daga wayar da ke rataye saman layi. Yana ɗaukarta da wani hannun ƙarfe mai naɗewa da ke kan rufinsa, wanda ke shafar wayar yayin tafiya. Faransa ta zaɓi wannan wuta ne tun 1920, saboda injinan lokacin da ita suka fi jituwa.

Aibinta a lissafi yake. Kilowat 3,490 a bolt 1,500 yana buƙatar amfiya fiye da 2,300. Wannan ya sa dole waya ta zama mai kauri da nauyi, a kuma gina tashoshin ba da wuta kusa da juna. Da bolt 25,000 ne, amfiya 140 sun isa. SNCF ta san da haka. A daidai shekarun da ake kawo CC 7100, tana gwada wutar AC, wato mai kai-komo tana sauya fuska, mai bolt 25,000 a yankin Savoie, sannan ta shimfiɗa ta a layin Valenciennes zuwa Thionville a 1954 da 1955. Daga nan arewa da gabashin Faransa suka tafi kan sabuwar wuta. CC 7100 ba ya iya shiga can, don haka rayuwarsa duka a kudu da Paris ya yi ta.

Waɗanne jirage ya ja a ƙuruciyarsa?

Manyan jiragen fasinja na layin kudu maso gabas da na kudu maso yamma. Wanda ya fi shahara shi ne Mistral, mai tashi daga Paris ya bi ta Dijon, Lyon da Marseille ya sauka Nice. A ƙarshen shekarun 1950 yana cinye tafiyar Paris zuwa Lyon cikin kimanin awa huɗu, abin da ya sa shi cikin jirage mafiya sauri a Turai. A farko, idan an isa Lyon sai a cire kan lantarki a ɗaura mai kwal, domin waya ba ta kai Marseille ba sai 1962. A ɗaya ɓangaren kuma ya ja Sud-Express, mai nufar iyakar Sifen ta hanyar Bordeaux. Gudunsa na aiki bai wuce kilomita 140 zuwa 150 a awa ba.

To daga ina labarin tarihin gudunsa na farko, na kilomita 243 a awa, ya fito?

Daga gwajin watan Fabrairun 1954. SNCF ta so ta san iyakar abin da kan jirgi na yau da kullum zai iya, da yawan rarar aminci da ke tsakanin gudun aiki da inda haɗari ke farawa. Aka ɗauki CC 7121 yadda yake, ba a canza masa giya ba, aka ɗaura masa taragai uku tsakanin Dijon da Beaune. Kullum ana ƙara gudu, har ran 21 ga wata ya kai kilomita 243 a awa. Wannan ya shafe tarihin da wani jirgin Jamus mai farfela a bayansa ya kafa a 1931, kilomita 230. Da aka duba kan jirgin da dogon ba a ga wata ɓarna ba, kuma wannan ne ya ba su ƙarfin halin neman 300.

Me ya faru a watan Maris na 1955?

An zaɓi layin da ya ratsa dajin Landes, kudu da Bordeaux, tsakanin Lamothe da Morcenx. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, layin ya miƙe samɓal na kilomita masu yawa, kuma zirga-zirga ba ta da yawa. Injiniyan da ya fi fice a shirya gwajin shi ne Fernand Nouvion, a zamanin da Louis Armand ke jagorancin SNCF. Kawuna biyu aka shirya: CC 7107 na Alsthom, da BB 9004, na gwaji ne mai sanduna huɗu, ƙirar gamayyar kamfanonin da ake kira MTE.

Wannan karon an yi gyare-gyare sosai. An canza haƙoran giyar da ke tsakanin inji da ƙafa domin ƙafa ta fi saurin juyawa. An sa ƙafafu na ƙarfe guda, ba masu zoben da aka ɗora daga waje ba, don kada zoben ya saki. An ƙera hannayen shan wuta na musamman. An ɗaga wutar layin zuwa kimanin bolt 1,900. Taragai uku aka ɗaura, aka rufe tsakankaninsu da roba don kada iska ta shiga, aka yi wa na ƙarshe gindi mai lanƙwasa.

Ran 28 ga Maris CC 7107 ya yi gudunsa, washegari BB 9004 ya yi nasa. SNCF ta sanar da cewa kowannensu ya kai kilomita 331 a awa.

Abin da jama'a ba su ji ba a lokacin shi ne yadda aka sha da ƙyar. Wutar da ke bi ta hannun da ke shafar waya ta kai kusan amfiya 4,000, ga guga, ga tartsatsi. A duka ranakun biyu hannayen sun yi ja sun ƙone. Tsayawa ma wani aiki ne: birkin lokacin takalman ƙarfe ne masu matse ƙafa, ba za a iya taka su a irin wannan gudu ba. Sai aka yanke wuta, aka buɗe tagogin taragai domin iska ta shiga ta riƙe jirgin, har gudu ya sauko inda birki zai yi aiki. Bayan wucewar BB 9004 kuwa, da aka je duba layi, sai aka tarar dogo ya karkace yana lanƙwasa hagu da dama na wani tsawo. Kaɗan ya rage jirgin ya sauka daga layi. An ɗauki hoton wurin, amma an daɗe ba a fitar da shi ba.

Da gaske ne CC 7107 bai kai 331 ba?

Da gaske ne. BB 9004 ne ya kai 331. Adadin da aka fi ambata wa CC 7107 shi ne 326. SNCF ta daidaita su ne a sanarwa don kada ta fifita kamfani ɗaya a kan ɗaya, tunda dukkansu tana sayayya a wurinsu, dukkansu kuma suna neman kasuwa a ƙasashen waje. Sai bayan shekaru da yawa maganar ta fito fili.

Siyasar kasuwa ce, ba abin yabo ba ce. Amma ban ga ta rage wa CC 7107 komai ba. Ran 28 ga Maris babu jirgin ƙasan da ya taɓa yin irin gudunsa a kan dogo. Kuma shi ba na gwaji ba ne, ɗaya ne daga cikin 58. Da aka gama, aka mayar masa da giyarsa ta asali, ya koma jan fasinja da kaya tare da 'yan'uwansa na gomman shekaru.

In an wuce 300 tun 1955, me ya sa fasinja bai samu irin wannan gudu ba sai bayan shekaru masu yawa?

Saboda gwajin ya nuna cewa ƙarfin inji ba shi ne matsala ba. Inji ya iya. Waɗanda suka gaza su ne waya, hannun shan wuta, birki, da shi kansa dogon. Gudu na minti kaɗan a layin da aka rufe, da taragai uku, da injiniyoyi cike da jirgi, daban yake da jirgin da zai tashi kowace safiya ya bar layi lafiya ga na bayansa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka zauna aka warware shi. Aka sake nazarin yadda bogi ke rawa a babban gudu da yadda za a kashe rawar. Aka gane cewa wutar bolt 1,500 ba ta dace da irin wannan aiki ba. Aka gane cewa nauyin kowace sanda dole ya ragu, shi ya sa aka ƙayyade wa TGV, jirgin Faransa mai tsananin gudu da ya zo daga baya, tan 17. Sigina ma sai da aka shigo da ita cikin ɗakin direba, domin a irin wannan gudu ido ba ya kama fitilar gefen hanya yadda ya kamata.

Japan ce ta riga kowa, da Shinkansen a 1964, mai kilomita 210 a awa a kan sabon layi. A Faransa jirgin Capitole na Paris zuwa Toulouse ya fara kilomita 200 a 1967, a wani yanki na hanyarsa. TGV ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Paris da Lyon a watan Satumban 1981, shekara 26 bayan gwajin Landes, a kan sabon layi mai bolt 25,000.

Wa ya karya tarihin?

Ya danganta da wanne ake nufi. TGV ya kai kilomita 380 ran 26 ga Fabrairun 1981, ya kai 515.3 a 1990, sannan 574.8 ran 3 ga Afrilun 2007. Amma TGV jeri ne guda da ba a raba shi. Idan ana maganar kan jirgi mai zaman kansa da ake ɗaura wa taragai, tarihin 1955 ya tsaya shekara 51. Ran 2 ga Satumban 2006 ne wani kan jirgi ƙirar Siemens, samfurin Taurus, ya kai kilomita 357 a sabon layin da ke tsakanin Nuremberg da Ingolstadt a Jamus.

Tunda ya yi suna haka, me ya sa 58 kawai aka ƙera wa Faransa?

Abokin gudunsa ne ya ci kasuwar. BB 9004 ya nuna cewa sanduna huɗu za su iya aikin shida, da injina huɗu maimakon shida, da nauyin da bai fi tan 80 da kaɗan ba. Ƙarancin injina na nufin arha wajen saye da wajen gyara. Daga cikinsa aka fitar da rukunin BB 9200, guda 92, daga 1957. Sun fi CC 7100 ƙarfi kaɗan, sun fi shi sauƙi da kusan tan 25, suna kuma gudun kilomita 160. Sannu a hankali suka karɓe manyan jiragen.

Sanduna shida sun dawo a 1969 da CC 6500, mai kilowat 5,900 da gudun kilomita 200, lokacin da aka buƙaci jan dogayen jirage masu nauyi da babban gudu. Amma wannan wata ƙira ce dabam: inji ɗaya babba ne a kowane bogi yake juya sanduna ukun.

Yaya sauran rayuwarsa ta kasance?

Kamar yadda aka saba: sabo ya zo, tsoho ya matsa. Daga manyan jiragen rana ya koma na dare da masu tsayawa a tashoshi da yawa, daga nan ya koma jan kaya. A nan ne sanduna shidan suka biya kuɗinsu, domin jirgin kaya kamu yake so, ba gudu ba. An tsayar da iyakar gudunsa a kilomita 140.

Wasu kaɗan daga cikinsu sun yi wani aiki na daban a layin Maurienne, wanda ya tashi daga Chambéry ya hau duwatsun Alps zuwa Modane a iyakar Italiya. Hawan yana da tsanani, a wasu wurare mita 30 a kowace kilomita. Kuma a can ba a sama wutar take ba, a wani dogo na uku take, a gefen layi. Sai aka maƙala musu takalman ƙarfe a gefen bogi masu shafar wannan dogo. An cire dogon na uku a 1976, aka rataya waya.

Daga 1976 rukunin BB 7200 ya fara shigowa, mai sarrafa wuta da na'urorin lantarki maimakon ƙarafan da ke mayar da ita zafi. A 1981 TGV ya kwashe fasinjan Paris zuwa Lyon, sababbin kawunan da suka rasa aiki a can suka gangaro suka karɓi na tsofaffi. Sai kuma BB 26000 daga 1988, mai shan wutar iri biyu, wanda zai ɗauki kaya daga arewa ya kai kudu ba tare da an sauya kai a hanya ba. Wannan ne abin da CC 7100 ba zai taɓa iyawa ba. Garejin Avignon ne mazauninsu na ƙarshe, a can na ƙarshensu suka ajiye aiki a 2001, kusan shekara 50 bayan fitowar na farko.

Wasu ƙasashe sun saya?

Sun saya, har waɗanda aka ƙera wa waje sun fi na gida yawa. Holan, wadda ita ma bolt 1,500 take amfani da shi, ta sayi 16 tsakanin 1952 da 1956, ta kira su rukunin 1300, suka yi aiki har 2000. Sifen ta fi kowa: 136, rukunin 7600, waɗanda aka daidaita da wutar bolt 3,000 da layinta mai faɗin milimita 1,668, akasarinsu kuma a cikin Sifen aka haɗa su bisa lasisi. A Afirka, Aljeriya da Maroko sun samu nasu.

Akwai kuma dangi na nesa, masu bogi da jiki irin nasa amma masu shan wutar AC. Tarayyar Sobiyet ta sayi 50 a 1959 da 1960 domin layukan Saiberiya. Sin ta sayi 25 a daidai wannan lokaci, suka yi aiki a layin duwatsu da ya tashi daga Baoji, layinta na farko mai lantarki. Sayar wa Sobiyet da Sin a tsakiyar yaƙin cacar baka ba ƙaramin abu ba ne, kuma gudun 1955 ya taimaka wajen buɗe waɗannan ƙofofi. Dama da wannan niyya aka yi ta yayata shi.

Zai iya tafiya a layin Abuja zuwa Kaduna?

Ƙafafunsa za su zauna daidai, domin faɗin layin, milimita 1,435, ɗaya ne da na Faransa. Amma ba zai motsa ba, tunda babu waya a sama. Kawunan da ke aiki a can dizal suke sha. Tsohon layin Legas zuwa Kano kuwa ko zama ba zai yi a kai ba, faɗinsa milimita 1,067 ne.

A ina za a ga ɗaya a yau?

Akasarinsu an yanka su an sayar da ƙarfen, amma an tsirar da wasu. CC 7107 yana cikin kayan tarihin da SNCF ta adana. Babban gidan tarihin jiragen ƙasa na Faransa, Cité du Train, yana garin Mulhouse a yankin Alsace, ba nisa da Belfort, kuma a can BB 9004 yake. Wasu ƙungiyoyin masu sha'awar jirgin ƙasa da tsofaffin ma'aikata suna riƙe da wasu 'yan kaɗan. Wanda hanya ta kai shi Holan zai iya ganin ɗan rukunin 1300 a gidan tarihin jirgin ƙasa da ke Utrecht.